Manniru da Layin Maraɗi

A Jikwoyi, in ka bar titin Karshi ka gangara ta bayan injin markaɗe, akwai wani gidan haya mai ɗaki takwas a jere, ƙofofin duk suna kallon rijiya ɗaya. Ɗaki na shida na Malam Manniru ne, ni ina na bakwai. Shekara goma sha ɗaya ke nan bango ɗaya ya raba mu, kuma bango ne marar riƙon asiri. Na san tarinsa na asuba. Na san tashar da yake kamawa a rediyo. Na san dariyar matarsa Bara'atu tun kafin in iya shaida fuskarta a hanya.

Mutumin arewacin Katsina ne, daga wani ƙauye da in ka yi tafiyar hantsi a ƙafa sai ka shiga ƙasar Nijar ba ka sani ba. Yana sabon ango aka zo da manyan motoci aka kakkafa turakun ƙarfe a gonakinsu, aka miƙa wayoyi a kai, suka yi arewa. Ƙauyen bai sami ko ƙwan fitila ɗaya ba. Ya ce da damina, in iska ta kwanta, kana duƙe kana noma sai ka ji wayoyin suna gunji a bisa kanka kamar zuma a cikin amya. Sun tambayi ma'aikatan ina wutar za ta, aka ce musu Maraɗi. Bai ji haushi ba, in ji shi. Mamaki ya ji, a ce abu yana bi ta kan gonar ubanka dare da rana, bai taɓa saukowa ya gaishe ka ba.

Da tire a ka ya fara a Abuja, yana sayar da goro da alawa a bakin kasuwar Wuse. Daga nan ya sami gadi, daga gadi aka shigar da shi ciki, ya zama masinja kuma mai shayi a wani ofishi da ke hawa na uku na wani dogon gini. Shekara ashirin ya yi a wurin. Aikin ofishin cinikin wutar lantarki ne a sari. Kafin in san Manniru ban san wuta tana da kasuwa ba, zatona zuwa kawai take yi ta tafi kamar hadari. Shi ya fahimtar da ni. Akwai masu samar da ita a madatsun ruwa da tashoshin gas, akwai masu saye da yawa su rarraba wa unguwanni, akwai kuma ƙasashen maƙwabta da ke saye su tsallaka iyaka da ita. Kaya ne da ba ya shiga rumbu. Abin da aka samar yanzu, yanzu za a shanye shi. Shi ya sa mutanen ofishin suke wuni gaban wani babban allo a ɗakin taro, irin na talabijin, suna duba wa ya samar da nawa, wa ya ja nawa.

Manniru bai yi boko ba, amma ya san lambobi, kuma Allah ya ba shi kunne. Shekara ashirin yana shiga da tire yana fita, ba wanda ya taɓa rage murya don ya shigo. Da yamma, in ya sha cunkoson Nyanya ya iso gida, sai ya zauna kan benci a ƙofa ya zazzage mana abin da ya kwaso. Unguwa ba wuta, muna fifita da kwali, shi kuma yana ba mu dalili: yau gas ya yi ƙasa, ruwan Kainji ya ja baya, wani layi ya faɗi a kudu. Maman Marvel, 'yar Filato mai sayar da zoɓo a ɗaki na biyu, ita ta raɗa masa suna, daga ma'aunin wutar da yake yawan ambata.

"Malam Megawat, yau nawa aka raba?"

"Dubu huɗu da ɗan ɗori."

"To namu fa? Ko a aljihunka ya maƙale?"

"Naki yana hanya. Ya shiga cunkoson Nyanya, kin san halin titin."

Yana jin daɗin sunan, ko da yake yakan yi kamar bai ji ba.

Bara'atu doguwa ce mai wushirya, mai yi wa kaji faɗa kamar 'ya'yan cikinta. 'Ya'yansu maza sun yi kudu neman abinci, autarsu Rumasa'u kuma tana aure a Maraɗi, wajen wani mai sayar da kayan babur. A wurinsu wannan ba auren wata ƙasa ba ne, kasuwa ɗaya kakanninsu suka ci. Shekara takwas kafin abin da zan faɗa, aka gano Bara'atu tana da ciwon suga, irin mai buƙatar allura safe da yamma. Maganin a 'yan ƙananan kwalabe yake zuwa, kuma ba ya son zafi. Zafi ba ya sauya masa kala, ba ya sa shi wari. Ƙarfinsa kawai yake zarewa a hankali, ya bar maka kwalba cike da abin da ya yi kama da magani.

Manniru ya taɓa saya mata ƙaramin firiji na hannu. Wutar Jikwoyi ta zo awa uku ta ɓace kwana biyu, firijin ya koma ma'ajiya, ta cika shi da kuka da daddawa saboda ɓera. Sai ta yi tata dabarar. Ta sayo tukwanen ƙasa biyu a hannun matan Gbagyi, babba da ƙarama, ta sa ƙaramar cikin babbar, ta cika tsakaninsu da yashin rafi, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Kwalaben suna cikin ƙaramar. Kowace safiya bayan salla sai ta zuba kofi biyu na ruwa a yashin. Ta bango nake jin sautin, wani ɗan shuu mai taushi, kamar ƙasa tana godiya. In ka sa hannu a ciki a tsakar Afrilu za ka ji sanyi irin na gindin rijiya. Shekara takwas tukunyar tana aikinta a lungun ƙofa.

A bazarar 2023 wani ƙurji ya fito mata a ƙafa ya ƙi warkewa, idonta kuma ya fara hazo. Likita ya tambaye su inda suke ajiye maganin. Da ta ce a tukunya, ya ɗaga gira, ya ci gaba da rubutu. Bai ce tukunyar ce ta jawo ba. Amma wannan ɗaga girar ta bi Manniru har gida, ta kwana da shi. Mutumin da ke kai wa masu cinikin wuta shayi, matarsa na ajiye ranta a cikin yashi.

Washegari ya tsaya da tire a gaban teburin Madam Prudence, 'yar kudancin Kaduna da ke kula da cinikin ƙasashen waje. Tana kiransa Baba, takan kuma ajiye masa biskit in an yi taro.

"Madam, tambaya gare ni. Wancan jerin na can ƙasan allo, na Maraɗi ne ko?"

"Shi ne, Baba. Daga Katsina yake tashi."

"Na lura lambarsa ba ta cika motsi ba. Na sama kullum hawa da sauka suke yi."

"Ai wannan kwantiragi ne tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma da dala suke biya. Ga kogin da ke juya injinan Kainji, ta wajensu yake biyowa. Tun zamanin iyayenmu abin da muke ji ke nan, mu ba su wuta, su bar mana ruwa ya wuce. Ko wuta ta yi ƙaranci, a ganina Jikwoyi za ta fara ji kafin su."

"Wato ba a yanke shi."

"Sai dai in turke ya faɗi. Da gangan dai ban taɓa gani ba. Lafiya, Baba? Ko za ka gudu can ne ka bar mu da ruwan zafi?"

Ya yi dariya ya wuce da tirensa. Amma maganar ta zauna masa daidai inda gunjin wayoyin gonarsu ya zauna tun yana ango.

Hirar da suka yi da Bara'atu bayan la'asar ta wata Asabar, ban yi niyyar ji ba, bangon ne ya kawo mini.

"Ki je wajen Auta ki yi wata shida. Ƙafar ta warke, ki ga jikanki."

"Wa zai dafa maka?"

"Shekara ashirin ina dafa wa manya shayi, ban kashe kowa ba."

"Shayi abinci ne? Malam, ni tukunyata ba ta taɓa ba ni kunya ba."

"Tukunya ce fa, Bara. Ƙasa da yashi. Can firiji za ki samu, wuta kuma ba a yanke musu. A gabana ake maganar."

"A gabanka ake yi, ko da kai ake yi?"

Sai na ji ya yi dariya, ita ma ta taya shi, aka bar zancen a nan. Amma ya dawo da shi gobe, ya dawo da shi jibi, da lallashi, da kiran sunan jikan da ba ta taɓa ɗauka ba. Daga ƙarshe ta yarda. Surukinsu da ya ji tana tafe, ya je ya sayo sabon firiji musamman dominta, aka turo hotonsa a waya, fari tas, da ledarsa a jiki. Manniru ya nuna mana hoton a benci ɗaya bayan ɗaya. Ya haɗa mata maganin wata shida cur, don kada ta sha wahalar nema a baƙon wuri. Sau uku na ji yana jaddada wa Rumasa'u a waya: "Daga mota sai firiji. Kada a fitar da shi ko da wasa."

Bayan babbar salla ta tafi. Ta so ta ɗauki tukunyar, ya ce direba ba zai yarda ba, kuma za ta fashe kafin Zariya. Ta tsaya a ƙofa da mayafinta, ta nuna masa lungun da yatsa.

"Kofi biyu kowace safiya. In na dawo na tarar ka bar yashin nan ya bushe, ni da kai ne."

"Tukunyar da ba komai a ciki?"

"Ni dai na faɗa maka."

Mako uku na farko ban taɓa ganin Manniru da sauƙin rai irin haka ba. Yakan riga kowa isa ofis don ya jera kofuna a ɗakin taro. Allon ba a kashe shi. Sai ya ajiye tire, ya kai ido can ƙasa, ya ga lambar tana nan daram, ya ce a ransa, Bara na da wuta. Ya gaya mini ji yake kamar ya leƙa ta taga ya gan ta tana barci. Kilomita ɗaruruwa tsakaninsu, amma kowace safiya yana gaishe ta da ido a jikin bango.

A ƙarshen watan Yuli sojoji suka karɓe mulki a Yamai. Muka ji a rediyonsa. Kwanaki kaɗan bayan nan aka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, aka rufe iyakoki. Manniru ya ce mana a benci wannan harkar manya ce, ba ta shafi wayar wuta ba. Wata safiya a farkon Agusta ya shiga ɗakin taro da kofuna goma sha biyu, ya kai ido ƙasan allo, ya ga sifiri. Ya ɗauka allon ne ya sami matsala. Ya ciro tsumman goge tebur ya goge wurin. Sifirin na nan.

Umarni ne daga sama, ba daga ofishinsu ba, ba kuma wanda ya nemi shawarar mutanen hawa na uku. Madam Prudence ta same shi a ɗakin dafa shayi yana tsaye, butar na tafasa har ruwan ya kusa ƙarewa.

"Baba, kwantar da hankalinka. Mako biyu ne, in ya yi yawa uku. Ba wanda zai bar ciniki irin wannan ya kwanta."

Abin da ake faɗa a teburin ke nan, shi ma yana ji. Masu tashoshin gas suna ƙorafin sun rasa mai saye na kirki. Wani oga ya ce wutar da aka hana fita ba ta da inda za ta, wayoyin cikin gida ba za su iya ɗaukar ƙari ba. Duk wanda ya yi magana da mako biyu yake rufewa. A Jikwoyi kuwa da farko murna aka yi. Maman Marvel ta ce yanzu da aka daina ba maƙwabta, tamu za ta dawo mana, har ta jiƙa zoɓo mai yawa don ta sa a firiji. Ko awa ɗaya ba ta ƙaru ba. Zoɓon ya yi tsami, ta zubar a kwata. Da ta tuna inda Bara'atu take, ta daina kiransa Malam Megawat, ta koma cewa Baba.

Manniru ya yi jira. Wannan shi ne abin da har yau ba ya iya faɗa kai tsaye, sai ya kewaya. Ya san hanyoyin daji na ƙauyensu kamar tafin hannunsa, ya san mutane suna tsallakawa a kan babur. Amma kullum in ya shiga da tire sai ya ji wani ya ce ana tattaunawa, wani ya ce ƙarshen wata, shi kuma shekara ashirin bai taɓa jin teburin nan ya yi kuskure a kan lamba ba. Mako biyu ya zama huɗu. Agusta ta wuce, Satumba ta shiga.

Kiran waya zuwa Maraɗi ya koma gajere, don caji ya zama abin nema. In ya samu, Bara'atu takan ce lafiya lau, jikan ya fara rarrafe, ƙafa da sauƙi.

"Maganin fa?"

"Yana inda ka ce a sa shi."

"Wuta na zuwa?"

"Takan leƙo. Ka zuba wa tukunyata ruwa?"

Ranar wata Talata a watan Oktoba, da azahar, Rumasa'u ta kira shi yana wanke kofuna. Ta ce jiya Inna ta wuni ba ta gane mutane, ƙafar ta kumbura har gwiwa, allurar kamar ba a yi. Ta ce sun zaga shagunan magani, an ce tun rufe iyaka kayan suka yi wuya. Bai tsaya jiran ƙarshen wata ba. Ya je kasuwar Wuse ya sayo sababbin kwalabe. Madam Prudence ta ɗauko babban fulas ɗin ofis mai faɗin baki, wanda ya yi shekaru yana riƙe wa manya zafin shayi, ta wanke shi da hannunta, ta cika da ƙanƙara, ta naɗe kwalaben a leda da tsumma ta sa a sama. Ba ta ce mako biyu ba. Ta ce, "Allah ya kai ka lafiya, Baba. Ka gaishe da Mama."

Kafin ya kama hanya ya biyo gida, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya miƙo mabuɗi. "Kofi biyu da safe," in ji shi. Ban tambaye shi ba.

Sauran labarin daga bakinsa na ji, bayan ya dawo, a guntu-guntu. Mota ta kai shi Katsina, wata ta kai shi ƙauyensu, daga nan wani ɗan acaɓa ya ɗauke shi ta cikin gonaki da sanyin safiya, fulas a rungume a ƙirjinsa kamar jinjiri. An girbe gero, an jingine dammuna a bakin hanya. Ba su buƙaci mai nuna hanya ba, turakun ƙarfen suka bi, ɗaya bayan ɗaya, suna yin arewa. A gonar da ta kasance ta ubansa ya ce a tsaya, a kashe injin. Ya ɗaga kai ya kasa kunne. Iska ta kwanta, irin kwanciyar da a da take fito da gunjin. Ba komai. Kurciya biyu ne a kan wayar, sai kukan wani jaki daga nesa. Ya ce a nan ne ya san abin da zai tarar.

Ya same ta a kan tabarma a inuwar rumfa, an fito da ita saboda zafin ɗaki. Ta rame har wushiryar ta fi faɗi. Ta gane muryarsa kafin ta gane fuskarsa.

"Malam Megawat. Kai ka kawo mana wutar da kanka?"

"Na kawo, tana cikin fulas."

"Shayin manya ne?"

"Naki ne."

Ya shiga ɗaki ya buɗe farin firijin. Ledar tana nan a jikin ƙofarsa. Wani ɗumi mai warin roba ya bugi fuskarsa. Kwalaben suna jere a ciki, tsaf, kamar yadda ya ce a yi. Wata biyu da rabi wuta tana leƙowa awa biyu ko uku ta ɗan sanyaya su, sauran wunin kuma suna rufe a akwatin ƙarfe a ɗaki mai rufin kwano. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga a haske. Ba abin da ya sauya a ido.

Ya dawo ya zauna a bakin tabarmar.

"Bara, me ya hana ki sa a sayo miki tukunya? Ga su nan a kasuwa. Ke kika fi kowa sani."

Ta duba ko Rumasa'u na kusa, ta rage murya.

"Yaron nan don ni ya sayi firijin. Kullum in ya shigo sai ya shafa shi ya ce Inna yau za a kawo wuta. In ce a kawo mini tukunyar ƙasa a gidan suruki, a gaban uwarsa? A ce na raina abin da ya yi?" Ta numfasa. "Kuma kai ka ce kada a fitar."

"Ai da kin saɓa mini. Sau nawa kika saɓa mini?"

"A ɗakina nake saɓa maka. Nan ɗakin mutane ne."

Aka kai ta asibiti a ranar, aka yi mata allura da sabon maganin. Kwana biyu ta ɗan farfaɗo, ta sha kunu, ta sa aka ɗora mata jikan a ciki tana yi masa faɗa irin wanda take yi wa kaji. Amma ciwon ƙafar ya riga ya shiga jini. A rana ta uku, bayan la'asar, ta tambaye shi wa ya bar wa mabuɗi. Ya ce maƙwabcinsu mai rubuce-rubuce. Ta ce, "Wannan zai manta, hankalinsa ba ya ƙasa." Ba ta ƙara wata magana mai tsawo ba. Kafin a kira magariba ta cika.

Ban manta ba. Ina so a san wannan, ko da ba zai kai gare ta ba.

Likitan can bai ce wuta ce ta kashe ta ba. Ya ce ciwo ne da ya daɗe yana cin jiki, kuma kowane rai da ranarsa. Manniru ya yarda da haka, yakan ma faɗa da bakinsa in an zo masa gaisuwa. A Maraɗi aka binne ta, a maƙabartar da ke gefen gari. Ya yi kwana bakwai, ya biyo turakun ya dawo, da fulas ɗin ofis a hannu, wankakke.

Ya koma aiki. Yakan zauna a benci da yamma kamar da, amma ya daina kawo mana labarin allo. In wuta ta ɗauke wani sabon ɗan haya ya tambaye shi dalili, sai ya ce bai sani ba, shi shayi yake dafawa. Da safe in zai jera kofuna, in ji shi, ya koyi shiga ɗakin taro da baya-baya, ya gama ya fita bai ɗaga kai ba.

A watan Maris, cikin azumi, aka janye takunkumin aka buɗe iyaka. Yana ɗakin dafa shayi yana haɗa wa waɗanda ba sa azumi, ya ji hayaniya daga ɗakin taro, har da tafi. Madam Prudence ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ƙaraso ba.

"Baba, an mayar da layin. Na ce gara ka ji daga bakina."

"To, madalla. Mutane za su huta."

"Ni na gaya maka ba a yankewa."

Ya ci gaba da jera cokula a tire, kowanne a gefen kofinsa.

"Ke abin da ke takarda kika faɗa, Madam, kuma gaskiya kika faɗa. Ni ne na ɗauki matata na ɗora a kai."

Ta tsaya kamar za ta ƙara magana, sai ta miƙa hannu ta karɓi tiren, ta kai ɗakin taron da kanta. A shekara ashirin, ranar ce kaɗai wani ya kai shayin ba shi ba.

Da yammar muna zaune a ƙofa muna jiran kiran salla, dabino a faranti tsakaninmu, wayarsa ta yi ƙara. Rumasa'u ce. Kunnensa ya fara nauyi, don haka a bayyane yake sa murya, na ji komai.

"Baba, wuta ta dawo tun azahar, ba ta ɗauke ba."

"Alhamdu lillahi."

"Firijin ya tashi da kansa. Ban taɓa cire shi daga bango ba." A bayan muryarta muna jin wani siririn gunji, a daidaice, ba ya hawa ba ya sauka. "Kwalaben Inna na ciki har yanzu. Sun yi sanyi. Baba, in fitar?"

Ya riƙe wayar a tafin hannu yana kallonta. Ladan ya fara kira daga masallacin bakin titi. Unguwarmu ba wuta, Maman Marvel tana kunna aci-bal-bal a ƙofarta.

"Fitar da su, Auta," in ji shi. "Ki sa wa yaron ruwa ya yi sanyi."

Ya kashe wayar, ya ɗauki dabino ɗaya, ya daɗe da shi a hannu kafin ya kai baki.

Yana nan har yau a ɗaki na shida. 'Ya'yansa sun ce ya bar aikin ya koma wajensu, ya ce sai ya yi shawara, bai faɗi da wa ba. Tukunyar tana lungun ƙofa, ƙaramar a cikin babbar, ba komai a ciki sai sanyi. Kowace safiya bayan salla, kafin ya fita neman motar Wuse, nakan ji ya ɗage tsumman. Sai kofi na farko, yashin ya shanye. Sai ya ɗan dakata, kamar yadda ita take yi. Sai na biyu.